Amsa: Rediyo da eriyar farko ga mai ƙaramin jari

Ɗan'uwa, ka tambaya wane rediyon masu sha'awa (wato na aikawa da karɓar magana tsakanin masu lasisi) da wace eriya za ka fara da su a nan Legas, ga kuɗi kaɗan. Sayi Baofeng UV-5R na hannu, mai wat 5, yana aiki a zangon 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 MHz. Eriya kuwa kada ka saya, haɗa ta da kanka. Nemi soket SO-239, wato mahaɗin da ake ɗaura kebul ɗin eriya a kai, a kasuwar Alaba, ka liƙa wayar jan ƙarfe mai tsawon santimita 49 a tsakiyarsa tana kallon sama, sannan wayoyi huɗu masu santimita 51 a ramukan gefe, ka lanƙwasa su ƙasa da digiri 45. Saurare babu laifi, amma kada ka danna maɓallin magana sai ka sami lasisi da lambar kira mai farawa da 5N.

Sharaɗin yana wajen kebul ɗin da zai haɗa rediyon da eriya. Ɗauki samfurin RG-58 mai om 50 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), ban da na talabijin mai om 75, kuma kada ya wuce mita 8 zuwa 10, domin a zangon 144 zuwa 146 MHz mita 15 kan cinye kusan rabin ƙarfinka kafin ya isa eriya. Ɗaga ta saman rufi, tsawo ya fi wat amfani a wannan zango. Ka naɗe mahaɗar da tef mai hana ruwa sosai. Damina da iskar gishirin teku na shiga kebul su sa shi tsatsa, sai ka ji kowa amma ba mai jin ka. In hadari ya haɗu, zare kebul daga rediyon.