Amsa ga 'yar'uwar da ke neman asalin kakanta ta gwajin DNA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, kin ce kakanki na wajen uwa malamin lissafi ne da ya koyar a wata sakandare a Arewa a shekarun 1970, ya auri kakarki suka haifi Mama, kwantiragi ya ƙare ya koma gida aka daina jin ɗuriyarsa, wasu a gidanku na cewa ɗan Indiya ne wasu na cewa ɗan Pakistan, kuma gwajin da kika yi ya ba ki kashi 22 na Kudancin Asiya amma bai faɗi takamaiman wuri ba. Toh bari in faɗa miki abin da na sani, don ni ma mahaifiyata 'yar Punjab ce, Baba ya auro ta lokacin da yake karatu a Lahore. Na san amsar tun kafin in tofa yawu a kwalbar, shi ya sa na iya gane inda manhajojin nan ke faɗin gaskiya da inda suke lalube.

Kashi 22 ɗin nan ya yi daidai da kaka ɗaya, kar ki damu da bai cika 25 ba. Rabin da Mama ta ba ki gauraye ne na mahaifinta da mahaifiyarta, kuma ba a raba shi daidai, wata jikar ta samu sama da 25 wata ƙasa. In ƙaninki ya yi gwajin za ki ga nasa ya bambanta da naki.

Babbar shawarata, kuma in ba za ki ɗauki komai a rubutun nan ba ki ɗauki wannan: a yi wa Mama gwajin tun tana da rai da lafiya, da yardarta. Ita rabin DNA ɗinta nashi ne cif, kowace tagwayen kuromosom guda ɗaya daga wajensa ya zo, har da X ɗinsa gaba ɗaya. Ke kuwa guntu-guntu kika samu. Duk wani lissafi da za a yi ya fi fitowa fes a nata, kuma dangin da kamfanin gwajin zai jero mata bisa kamannin DNA sun fi naki kusa da yawa. Sannan layin uwa, in an rubuta miki shi, wanda mai yiwuwa sunansa ya fara da harafin L, na kakarki mace ne, babu ruwansa da shi. Layin uba ma mace ba ta ɗauke da shi. In Mama tana da wa ko ƙane da suke uba ɗaya, toh kawun nan naki shi ke ɗauke da kuromosom Y ɗin kakanki, wanda ɗa namiji ke gada daga uba, a can ne za a iya ganin rassan layin uba irin su R1a ko H ko L ko J2 da suka yawaita a Kudancin Asiya. In kuma ƙaninki ne ya ga R1b a nasa kar ya ce daga Indiya ne, wannan na mahaifinku ne, akwai reshen R1b da ake kira V88 da ya daɗe a cikin Hausawa da sauran masu harsunan yankin Tafkin Chadi.

Yanzu ga aikin kansa. Ki shiga shafin kamfanin da kika yi gwajin, 23andMe ne ko AncestryDNA ko MyHeritage, ki sauke ɗanyen fayil ɗin, layuka ne kawai wajen dubu 600 ko fiye. Ki ɗora shi a GEDmatch, wani shafin intanet da ake kwatanta DNA, ki nemi kalkuletar asali mai suna HarappaWorld, wadda Zack Ajmal ya haɗa a ƙarƙashin aikin Harappa da ya fara a 2011 musamman don mutanen Kudancin Asiya. Ta tsufa gaskiya amma har yanzu da ita mutane ke kwatanta junansu. Za ta raba asalinki gida 16, waɗanda suka shafe ki su ne S-Indian, Baloch, Caucasian, NE-Euro, sai SE-Asian da NE-Asian. Kar sunayen su ruɗe ki, ganin Baloch ba ya nufin kakanki Baluci ne, kusan kowa a yankin yana da shi, an dai sa wa wannan ɓangaren sunan mutanen da suka fi kowa yawansa ne.

Abin dubawa shi ne yadda S-Indian da Baloch suke tsakaninsu. A arewa maso yamma, wato Punjab da Sindh da ƙasar Pathan, Baloch ke gaba kuma NE-Euro da Caucasian suna da ɗan kauri, haka na Mamata ya fito. In aka gangara kudu, Tamil Nadu da Andhra da Kerala, S-Indian ne ke rinjaye a yawancin mutane NE-Euro ya yi ƙasa sosai. In kuma kika ga SE-Asian da NE-Asian sun taso fiye da ɗan ɗigo, ki fara tunanin Bengal, don Bangalawa na da gaurayen gabashin Asiya da ya kai wajen kashi 10 ko ɗan fiye. Dalilin da na ce S-Indian da Baloch za ki riƙe shi ne kusan babu su a jinin Afirka ta Yamma, duk abin da kika gani nashi ne. Amma SW-Asian da Mediterranean ki yi hankali da su, in akwai Fulani ko Buzaye ko Shuwa a danginku suna iya fitowa daga nan gida. Ni nawa sun fito fiye da na Mamata, kuma daga kakata Bafulatana ta wajen uba suka zo. Shi ya sa ma maɓallin Oracle da ke jero ƙabilun da kika fi kama da su ba lallai ya yi miki amfani ba, ni abin da ya jero min babu wanda ya yi kusa da gaskiya.

Wannan tsarin ba haka kawai yake ba, akwai tarihi a bayansa. Binciken masanin ƙwayoyin halitta David Reich da abokan aikinsa na 2009 ya nuna kusan duk mutanen Indiya gaurayen tushe biyu ne, na arewa da na kudu. A 2019 Vagheesh Narasimhan da tawagarsa suka fitar da DNA ɗin tsofaffin ƙasusuwa 523, suka nuna tushen uku ne a zahiri: tsofaffin mafarautan yankin, da mutanen da ke da dangantaka da na tsaunukan Iran, sai makiyayan da suka gangaro daga filayen tsakiyar Asiya tsakanin shekara 2000 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Gawar da aka tono a Rakhigarhi a Indiya, ta zamanin wayewar kwarin Indus, ba a samu jinin makiyayan nan a jikinta ba ko kaɗan. Toh S-Indian da Baloch da NE-Euro inuwar waɗannan ukun ne, ba su ne kansu ba, duk suna ɗan shiga juna.

Ga kuma inda abin ke da wuya. Mutanen can sun shafe kusan shekara dubu 2 kowace al'umma na aure a cikinta, don haka Brahmin (ɗan zuriyar malaman addinin Hindu) na Tamil Nadu zai iya fitowa kusa da mutumin arewa fiye da maƙwabcinsa na gari ɗaya. Ma'ana lambobin suna nuna al'umma ne da yanki a haɗe, dole ki yi taka-tsantsan. Maganar Indiya ko Pakistan kuwa, in ya zama ɗan Punjab ne wallahi babu gwajin da zai raba miki, a 1947 aka ja layin nan kuma miliyoyin mutane suka tsallaka ta ɓangarorin biyu, mutumin Lahore da na Amritsar jini ɗaya ne. Dangin Mamata ma daga ɓangaren Indiya suka yi hijira a shekarar.

Jerin dangi shi ne fatanki na gaske amma yana buƙatar haƙuri, mutanen yankin ba su da yawa a rumbunan kamfanonin nan, yawancinsu mazauna Amurka da Ingila da Kanada ne. Saboda auren cikin gida da na faɗa, za ki ga mutane da yawa kamar danginki ne alhali ƙananan guntaye ne suka taru. Ki manta da duk guntun DNA da bai kai 7 cM ba (cM shi ne ma'aunin tsawon guntun da kuka yi tarayya a kai), ki fi kula da wanda kuke da guntu ɗaya mai tsawo, kamar 20 cM ko sama. Ki riƙa rubuta sunayen iyalansu da garuruwan da suka sa, in kika ga Nair da Kurian da Menon na maimaituwa toh Kerala ce, kuma malamai da yawa da suka zo Najeriya a lokacin daga can suke. In Butt da Chaudhry da Bajwa ne, ki duba Punjab.

Kar ki bar takarda a baya. Cikakken sunansa kaɗai zai iya faɗa miki abin da DNA ba zai faɗa ba. Ki tambayi kakarki in tana raye, ki duba takardar haihuwar Mama, ki nemi ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar, ɗalibai ba sa manta malamin lissafinsu, wani ma yana da hoton aji.

Game da sirri, GEDmatch ne 'yan sandan California suka yi amfani da shi a 2018 suka kamo wani tsohon makashi ta hanyar danginsa, kuma a 2023 masu kutse sun taɓa bayanan mutum wajen miliyan 6.9 a 23andMe. Ki sa sunan ɓoye, ki duba saitin GEDmatch na bai wa 'yan sanda damar kwatanta DNA ɗinki ki zaɓi abin da kike so, kar ki tura wa kowa fayil ɗin a inbos ko da ni ne. In Allah Ya sa kika samu ɗan'uwa na kusa, ki fara da gaisuwa da tambaya a hankali, don mai yiwuwa iyalansa na can ba su san ya yi aure a Najeriya ba, kuma ki shirya Mama kafin ki aika saƙon farko. In kin gudanar da HarappaWorld ɗin ki kawo lambobin S-Indian da Baloch da NE-Euro da SE-Asian kawai, mu duba tare. Allah Ya sada ku da alheri.