Me ya sa ake tsayar da ciniki idan kasuwar hannun jari ta rikice?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta cewa a watan Maris na 2020 an dakatar da ciniki a kasuwar hannun jari ta New York har sau huɗu. Abin ya tsaya mini a rai. Mutum da dukiyarsa, yana kallo tana narkewa, a ce masa kada ya sayar? Wannan ba zalunci ba ne?
Mai karatu

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Haka aka yi: ranakun 9, 12, 16 da 18 ga Maris, lokacin da korona ta firgita duniya. Kowane karo minti 15 aka tsaya, sannan aka buɗe.

Ni dai ban ɗauke shi zalunci ba. Farashin hannun jari ba wani ne ke yanka shi ba, wurin da mai saye da mai sayarwa suka daidaita ne kawai. Ranar firgici masu saye ke janye hannu, su koma gefe suna kallo. Sai mai sayarwa ya nemi mai taya kayansa ya rasa, ya yi ta ragi. Ga kuma waɗanda suka sayi hannun jari da bashin dillali: farashi na faɗuwa, dillalin zai ce su ƙaro kuɗin jingina yanzu-yanzu, ko ya sayar da kayansu ko suna so ko ba sa so. Wannan sayarwar dole ta ƙara danne farashin, ta jawo wasu masu bashin cikin ramin. Kwamfutocin da aka tsara su sayar da zarar farashi ya kai wani mataki su ma ba sa jiran kowa. A irin wannan hali, ƙaramin mai jari kamarka shi ya fi shan wuya, domin shi ne na ƙarshen jin labari.

An ga haka ranar Litinin 19 ga Oktoba 1987, da Dow Jones, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a yini guda. Bayan ta aka kafa dokar tsayawar. Yadda take yanzu a Amurka, ma'aunin S&P 500, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanoni kimanin 500, ake dubawa: in ya sauka da kashi 7, a tsaya minti 15; in ya kai kashi 13, a sake tsayawa; kashi 20 kuwa, an tashi kasuwar ranar ke nan. Mintocin nan na masu saye ne su yi lissafi su dawo, dillalai su san inda suka tsaya.

Amma damuwarka tana da tushe. China ta gwada nata tsarin a Janairun 2016, ta sa matakan kusa da juna, kashi 5 da kashi 7. Mutane suka yi ta rige-rigen sayarwa tun kafin a rufe ƙofa, har ranar 7 ga wata aka tashi kasuwa cikin kusan rabin awa da buɗewa. Kwana huɗu kacal dokar ta yi aka jingine ta.

Kada kuma ka zaci tsayawar na hana asara. Ranar 16 ga Maris ɗin nan an tsaya, an dawo, duk da haka S&P 500 ya rufe da faɗuwar kusan kashi 12. Hannun jarinka yana nan da sunanka a mintocin tsayawar, ba wanda ya taɓa shi. Abin da nake roƙonka ka duba tun yanzu shi ne ko akwai bashin dillali a kansa.