Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: OpenGL ko OpenCV don Bidiyon Kyamara Kai Tsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na injiniyan kwamfuta a Bauchi. Aikina na kammala karatu shi ne haɗa kyamara da kwamfuta don ta riƙa ƙirga buhunan shinkafa da ke wucewa a kan bel a injin casa. Wasu sun ce in koyi OpenGL, wasu DirectX, wasu kuma OpenCV. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, masu ba ka shawara sun haɗa maka abubuwan da aikinsu ba ɗaya ba ne. OpenGL, wanda kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992, aikinsa zana hoto a kan allo ta hanyar katin zane na kwamfuta, kuma ba shi da hanyar karɓar bidiyo daga kyamara, balle ya gane buhu. Sashen zane na DirectX ma haka yake, ga shi zai ɗaure ka da Windows, alhali irin wannan aiki yakan ƙare ne a kan ƙaramar kwamfuta kamar Raspberry Pi mai aiki da Linux.

Abin da kake buƙata shi ne OpenCV, wato tarin kayan manhaja na sarrafa hoto da bidiyo, wanda aka faro a kamfanin Intel, fitowarsa ta 1.0 ta zo a 2006. Kyauta ne, ana amfani da shi da C++ ko Python, kuma shi kaɗai zai buɗe maka kyamara, ya tace hoton, ya zagaye kowane buhu da layi, sannan ya nuna sakamakon a taga.

Inda ya kamata ka zuba hankalinka shi ne lissafin lokaci. Kyamarar da ke ba da hotuna 30 a daƙiƙa ta bar maka kusan milisakan 33 ne kacal ka gama da kowane hoto kafin na gaba ya iso. Hoto mai launi na 1920 da 1080 ya haura megabait 6, wato kusan megabait 186 a kowace daƙiƙa, yayin da na 640 da 480 bai cika megabait 1 ba. Buhun shinkafa ba ƙwayar gero ba ce, don haka ƙaramin hoto ya ishe ka, kuma idan ka mayar da shi fari da baƙi nauyin zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. A ganina, kada ka taɓa OpenGL sai ka auna ka tabbatar cewa nuna hoton ne ke cin lokacin, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Idan malaminka ya nemi maɓallai da tagogi masu tsari, sai ka ƙara Qt, wato kayan aikin gina tagogi da maɓallan manhaja.

Tambaya: Daga Gombe nake. Na haɗa OpenCV da Qt, amma bidiyon yana makara, kuma fuskokin mutane sun koma shuɗi.

Amsa: Batun launi mai sauƙi ne. OpenCV yana jera launuka da shuɗi, kore, ja, kai kuma ka miƙa wa Qt hoton a matsayin ja, kore, shuɗi, don haka ka juya jerin da cvtColor, umarnin OpenCV na sauya tsarin launi, kafin ka nuna shi. Makara kuwa tana zuwa ne idan manhajarka ba ta gama da hoto kafin wani ya iso, sai hotuna su taru a ma'ajiyar wucin gadi, kana kallon abin da ya riga ya wuce. Ka ware wa karatun kyamara zarensa na daban (thread, wato sashen manhaja mai gudana a gefe guda) wanda zai riƙa ajiye hoto mafi sabo kawai yana watsar da tsofaffi. Ka kuma duba hasken wurin, domin a ɗaki mai duhu kyamarorin USB da yawa sukan tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto, sai adadin hotuna a daƙiƙa ya ragu. Ƙwan lantarki mai haske sosai yakan magance wannan ba tare da ka sauya layi ɗaya a manhajar ba.