Tambaya da Amsa: Makin Katin Bashi Zai Iya Kai Ni Gida da Arha?

Tambaya: Ina sana'ar tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York. Duk sanda zan kai iyali gida Kano, mu biyar, kuɗin tikiti ne ke cinye abin da na tara. Ina jin abokan aiki suna cewa da makin katin bashi suke sayen tikiti. Da gaske ne? In da gaske ne, ta ina zan fara?

Amsa: Malam, da gaske ne, amma ka fara sanin inda makin yake fitowa. Duk lokacin da ka biya da katin bashi a Amurka, mai shagon yana biyan wani kaso, wajen kashi 2 cikin 100 na cinikin, mafi yawansa kuma bankin da ya ba ka katin ne ke ɗauka. A cikin wannan ne bankin yake yago maka wani abu da sunan maki. Sauran ribarsa tana fitowa daga kuɗin ruwan da yake karɓa a hannun waɗanda ba sa biyan bashinsu duka a ƙarshen wata.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Katin da ke ba da maki ɗaya a kan kowace dala, in ka kashe dala 2,000 za ka samu maki 2,000, wanda ƙimarsa ta yau da kullum dala 20 ce, tun da maki ɗaya senti ɗaya yake. In ka bar wannan dala 2,000 ɗin ba ka biya ba, kuma ruwan katin kashi 24 cikin 100 ne a shekara, wata ɗaya kawai za a ɗora maka dala 40. Ka ga an yi garin neman gira an rasa ido. Ruwan katunan Amurka galibi ya haura kashi 20, don haka duk wanda ba zai iya share bashin wata gaba ɗaya ba, shawararmu ya bar harkar nan har sai ya iya. Ranar da katin ya zo, ka shiga manhajar bankin ka saita biya na kai-tsaye daga asusunka, ka zaɓi a riƙa cire jimillar lissafin wata, ba mafi ƙarancin abin da aka yarda ka biya ba. Mutane da yawa a wannan zaɓin suke kuskure.

Bayan haka, kada ka fara da tambayar wane kati ya fi. Fara da hanyarka. Kano za ka, to waɗanne jirage ne ke sauka a can? Ethiopian da EgyptAir suna sauka Kano, kuma duka biyun suna cikin ƙawancen Star Alliance tare da United, Air Canada, Turkish da Lufthansa. Ma'anar ƙawancen ita ce da mil (wato makin da kamfanin jirgi ke bayarwa) na United ko na Aeroplan, shirin Air Canada, kana iya kama kujera a jirgin Ethiopian. In ta Abuja ko Legas za ka shiga, ƙofofin sun ƙaru: akwai Air France da KLM da ke amfani da shirin Flying Blue, akwai British Airways da Qatar da ke kiran nasu mil ɗin Avios.

Shi ya sa katin da makinsa ke iya komawa kamfanoni da dama ya fi katin kamfanin jirgi guda amfani ga mai farawa. Makin bankin Chase yana komawa United, Aeroplan, Flying Blue da British Airways, maki ɗaya mil ɗaya. Na American Express yana zuwa Delta, Aeroplan, Flying Blue da Avios. Na Capital One da na Citi suna zuwa Turkish. Katunan masu farawa irin Chase Sapphire Preferred da Capital One Venture kuɗin shekararsu dala 95 ne. Masu kuɗin shekara ɗaruruwan daloli ka ƙyale su tukuna.

Babban rabon yana cikin garaɓasar shiga. Banki zai ce, misali, ka kashe dala 4,000 cikin wata uku ka samu maki 60,000. Adadin yana canzawa, sai ka karanta tayin da ke gabanka. Abubuwa uku ne ke sa mutane rasa wannan garaɓasa. Ana fara ƙirga kwanakin ne daga ranar da aka amince maka, ba ranar da katin ya iso akwatin wasiƙarka ba. Kuɗin shekara ba ya shiga lissafin abin da ka kashe. Kayan da ka mayar shago aka dawo maka da kuɗi kuma ana cire su. Ka tara abin da dama za ka kashe a kan katin: man mota, cefane, inshorar mota, kuɗin waya, gyaran taya da birki. In abin da kake kashewa a wata uku bai kai adadin ba, nemi katin da sharaɗinsa ya fi sauƙi, kada ka ƙirƙiro sayayya don cike gibi. Kuɗin haya ma ka duba da kyau, domin masu gida da yawa suna ƙara kusan kashi 3 in da kati aka biya.

Ka kuma san ƙa'idoji biyu. Chase ba ya yawan amincewa da wanda ya buɗe katunan bashi biyar cikin wata 24, ko na wane banki ne, don haka masu niyyar katinsa da shi suke farawa. American Express kuwa galibi sau ɗaya yake ba mutum garaɓasar kowane kati a rayuwarsa, sai ka jira tayi mai kauri kafin ka nema.

Sai dai kada ka ɗora burin tikiti biyar a kan kati ɗaya. Tafiya ɗaya daga Amurka zuwa Afirka ta Yamma a kujerar talakawa takan ci mil 35,000 zuwa 60,000, gwargwadon shiri da lokaci. Garaɓasa ɗaya za ta ɗauki zuwan mutum ɗaya, in an dace ta rage wani abu a dawowarsa. In uwargida tana da nata tarihin bashi, wato bayanin yadda ta saba biyan bashi da bankuna ke dubawa, ta buɗe nata katin bayan ka gama cika sharaɗin naka, sai garaɓasar ta zama biyu a gida ɗaya.

Tambaya: Ni a Houston nake. Mijina yana son buɗe irin wannan kati, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba saboda riba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Ga yadda katin yake aiki: bayan an rufe lissafin wata, dokar Amurka ta 2009 ta tilasta wa banki ya aiko da takardar lissafin aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Wanda ya biya duka a cikin wannan wa'adi, a kusan duk katunan, ba a ɗora masa ko senti ɗaya na ruwa a kan sayayya. Amma takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin cewa in ya makara zai biya ruwa, kuma a kan wannan sharaɗi ne malamai suka rabu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta yanke a shekarar 2000 cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya a kan lokaci. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka sun sassauta wa mazauna can saboda buƙata, da sharaɗin a biya duka kafin ruwa ya hau.

Mu ba masu fatawa ba ne. Ku je wa malamin da kuka amince da shi, ku kai masa yarjejeniyar katin, ku kuma faɗa masa gaskiyar dalilin neman: buƙatar kafa tarihin bashi don hayar gida daban take da neman tikiti mai rahusa. In kuka zaɓi barin katin, shirye-shiryen mil na kamfanonin jirage suna nan, kyauta ake shiga, babu bashi a ciki.

Tambaya: Ɗalibi ne ni, wata huɗu da zuwana Ohio. Na nemi katin maki sau biyu an hana ni.

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da nema, domin kowace nema tana barin tabo a takardunka tana rage maka 'yan maki a ma'aunin cancantar bashi. An hana ka ne saboda ba ka da tarihi. Ma'aunin FICO da bankuna ke dubawa yana tashi daga 300 zuwa 850, kashi 35 nasa biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan bashin da ke kanka. Ka nemi katin ɗalibai ko katin ajiya, wanda za ka ajiye kamar dala 200 ta zama iyakar abin da za ka kashe. Ka ɗora masa ƙaramin abu guda, kamar kuɗin waya, kada ka wuce kashi 30 na iyakar, ka biya duka kowane wata. Sai an yi wata shida kafin ma'aunin ya fito. Bayan shekara guda ka sake gwadawa.

Tambaya: Na tara maki 90,000. Na ji an ce in tura su kamfanin jirgi sun fi daraja. In tura yanzu in ajiye, ko yaya?

Amsa: Kada ka tura tukuna. Maki in ya bar banki ya shiga asusun kamfanin jirgi, ba ya dawowa. Tsarin shi ne ka buɗe asusun shirin da sunan da ke kan fasfonka harafi da harafi, ka bincika ranar da kake so a shafin kamfanin, ka ga kujerar mil da idonka, sannan ka tura daidai adadin da ake nema ka kama kujerar nan take. Yawancin turawa cikin mintuna suke isa, amma wasu suna kwana ɗaya ko biyu, kuma kujera ba ta jiran kowa.

Kujerun mil kaɗan ne a kowane jirgi. Kamfanoni suna buɗe jadawalinsu kusan wata 11 kafin tafiya, kuma na watan Disamba da na hutun bazara su ne ke fara ƙarewa. Mai son yin Sallah a gida ya fara duba tun da wuri, ya kuma yarda da matsar da rana biyu ko uku gaba ko baya. Bincika zuwa daban, dawowa daban, domin sau da yawa za ka samu zuwa a wani shiri, dawowa a wani.

Sai batun da ke ba mutane mamaki: tikitin mil ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Za ka biya harajin filin jirgi, wasu kamfanonin kuma suna ƙara nasu cajin da ake kira kuɗin mai. Na British Airways yana da nauyi, yakan kai ɗaruruwan daloli a doguwar tafiya. United da Aeroplan ba sa ɗora wannan cajin, shi ya sa suka fi dacewa da mai kujerar talakawa.

Kafin ka danna, yi wannan lissafi: cire kuɗin da za ka biya a tikitin mil daga farashin tikitin tsaba, ka raba da yawan makin. Tikitin dala 1,500 da ake nema a maki 90,000 da dala 150, ya zama 1,350 a raba da 90,000, wato senti ɗaya da rabi kowane maki. Wannan ciniki ne mai kyau. In lissafin ya faɗi ƙasa da senti ɗaya, biya da kuɗi ka ajiye makinka. Amma kada ajiyar ta yi tsawo, domin kamfanoni suna ƙara farashin mil ba tare da dogon gargaɗi ba. Mil ɗin Flying Blue yana mutuwa bayan wata 24 babu motsi a asusun, Avios na British Airways bayan wata 36. In kuma ka rufe katin banki kafin ka yi amfani da makin da ke cikinsa, kana iya rasa su.

Tambaya: Na tura wa mahaifiyata kuɗi gida da katin don in cika sharaɗin garaɓasa. Sai na ga an caje ni, makin kuma bai shigo ba.

Amsa: Bankuna da dama suna ɗaukar tura kuɗi kamar cirar tsabar kuɗi ne, ba sayayya ba. Cirar tsaba tana da caji na kashi 3 zuwa 5, ruwanta yana farawa a ranar ba tare da wa'adi ba, ba ta kawo maki, ba ta kuma shiga lissafin garaɓasa. Ki biya wannan adadin yau, kada ki jira ƙarshen wata, sannan ki kira bankin ki ce a rage iyakar cirar tsaba zuwa mafi ƙanƙanta. Kuɗin Mama daga asusun banki ko katin cirar kuɗi za ki riƙa tura shi. In kin je gida da katin kuma, ki tabbata ba mai cajin kashi 3 na sayayya a ƙasar waje ba ne, kuma in na'ura ta tambaye ki dala ko naira, ki zaɓi naira, domin canjin na'urar ya fi na bankinki tsada.

Tambaya: Ɗan kasuwa ne ni a Kantin Kwari. Ina zuwa Sin sau uku a shekara, ina zuwa Umra, amma katin ATM kawai gare ni. Mu ba mu da rabo ke nan?

Amsa: Alhaji, kana da rabo, kuma mai yiwuwa ka daɗe kana barin sa a filin jirgi. Manyan garaɓasar kati harka ce ta Amurka. Ko a Ingila da Turai ba su kai haka ba, saboda doka ta taƙaita kason banki zuwa kashi 0.3 cikin 100. Naka mil ɗin daga tafiyar kanta zai fito. Ka zaɓi shiri ɗaya ka tsaya a kai: ShebaMiles na Ethiopian, Privilege Club na Qatar, EgyptAir Plus, ko Alfursan na Saudia. Wanda ya warwatsa tafiyarsa a kamfanoni huɗu ba zai tara abin kirki a ko ɗaya ba.

Ka ba wakilin da ke yankar maka tikiti lambar shirin, ka kuma duba ta fito a kan katin shiga jirgi. In ba ta fito ba, ajiye katin da rasitin tikitin, domin ana iya neman mil ɗin bayan tafiya cikin 'yan watanni. Tambayi wakilin harafin ajin tikitin, saboda mafi arha suna ba da kaso kaɗan na mil, tikitin rukuni da jiragen shata na aikin Hajji kuwa galibi ba sa ba da komai. Ga mai ɗauko kaya irinka, matsayin da shirin ke bayarwa bayan tafiye-tafiye da yawa yakan fi mil ɗin amfani, domin yana zuwa da ƙarin nauyin kaya da layin gaba wajen awo.

Masu tallan mil a WhatsApp kuma, da ke cewa za su yankar maka tikiti a rabin farashi, ka guje su. Dokokin shirye-shiryen sun hana sayar da mil, wasu ma daga asusun da aka yi wa kutse suke fitowa, kuma kamfani yana da ikon soke tikitin ko da kana tsaye a gaban kanta da jakunkunanka.