Ku Tambaya Mu Amsa: Wai ya ake kiran sunan nan Cholmondeley?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Muna aji aka ce in karanta wata takarda, na ci karo da sunan wani Bature Cholmondeley, na daddage na ce "Kolmondeli", malamin ya yi ta dariya wai "Chamli" ake cewa. To sauran haruffan ina suka tafi? Kuma me sunan yake nufi? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Malaminki ya yi gaskiya, amma dariyar ce bai kyauta ba, don ko a Ingila ba kowa ne zai kira shi daidai a karon farko ba, sunan ba shi da yawa.

Asalinsa sunan ƙauye ne a yankin Cheshire, can kusa da iyakar Wales. A tsohon Turanci kalma biyu ce aka haɗe: Ceolmund, sunan wani mutum, sai leah, wato fili da aka sare a daji. Kin ga kenan "filin Ceolmund", kamar dai yadda muke cewa Tungar wane ko Gidan wane, mai wurin ya mutu tuntuni amma suna ya zauna daram. Shi kansa sunan Ceolmund ɗin kalma biyu ce: ceol jirgin ruwa ne, mund kuma kariya. Ƙauyen ya tsufa sosai, yana cikin kundin da Sarki William na Ingila ya sa aka rubuta a 1086 don a san filin kowa da harajin da zai biya, irin dai aikin malamin haraji.

Daga baya masu filin suka mayar da sunan garin na gidansu, mu kam wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ga Shagari ga Tafawa Ɓalewa ga Aminu Kano. Gidan sarauta ne har gobe, tun 1815 babbansu ke riƙe da sarautar Marquess.

Haruffan kuwa baki ne ya cinye su, shekaru ɗaruruwa ana faɗa ana gutsurewa, takarda kuma ta tsaya inda take. Ki duba yadda Muhammadu ya koma Mamman, Abubakar ya koma Bukar, to a ce Mamman ake kira amma a rajista Muhammadu ake rubutawa. Wasu ma sun gaji da gyara wa mutane, kawai Chumley suke rubutawa su huta.