Hukuncin Zuwa Ɗakin Kiɗa a Ƙaramin Gari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin jinya a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, wanda da zarar magariba ta yi sai ya yi tsit. Abokan aikina sukan gayyace ni wani ɗan ɗakin kiɗa da ba ya ɗaukar sama da mutum hamsin, inda makaɗa uku ke kaɗa jita da ganga. Ba a rawa, ba a hayaniya, sai dai ana sayar da giya a kanta, ana kawo wa mutane a teburansu. Kaɗaici ya dame ni. Ya halatta in je in sha lemo kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka kewa, ɗan'uwa.

Game da kiɗan kansa, malamai sun yi saɓani. Mafi yawansu, har da malamanmu na Malikiyya, sun hana sauraron kayan kiɗa, suna kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda Abdullahi ɗan Mas'ud ya fassara “zancen wargi” da ke cikinta da waƙa, da kuma hadisin Bukhari da ke cewa za a sami wasu mutane cikin al'umma masu halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Sun togace ganga mai fuska ɗaya a biki da ranar Idi, saboda kuyangi biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana su ba. Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya soki isnadin hadisin farko, wato jerin waɗanda suka rawaito shi, ya halatta kiɗa, amma malaman hadisi irin su Ibnus Salah sun mayar masa da martani.

Sai dai tambayarka ba ta tsaya a nan ba. Tirmizi ya rawaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Kai da kanka ka ce ana ajiye ta a gaban masu zama, don haka ko kwalbar lemo ce a hannunka, kana cikin majalisin. Hatta Imamu Gazali, wanda ya sassauta a sha'anin sauraron waƙa, ya hana kayan kiɗa masu tsirkiya domin a zamaninsa alama ce ta mashaya. Yaya kuma idan kiɗan da giyar sun haɗu a ɗaki ɗaya? Ƙanƙantar wurin da natsuwar mutanensa ba sa sauya wannan hukunci.

Saboda haka bai halatta ka je wannan ɗakin ba. Amma kada ka yanke hulɗa da abokan aikinka, domin kyautata musu yana cikin addini. Ka gaya musu dalilinka cikin ladabi, ka gayyace su shan shayi, ko ka dafa musu shinkafa da miya a gidanka ranar hutu, kuma ka nemi masallaci mafi kusa ko da sai ka hau jirgin ƙasa ranar Juma'a. Allah ne mafi sani.