Tambaya da Amsa: Tashar Gida Ce, To Kuɗin Mene Ne Ake Karɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Garwa, kuma shekara huɗu ke nan da na kafa faranti a kan rufin shagona domin in riƙa jin labarai ina kan keken ɗinki. Duk ƙarshen wata ina biyan abonema, amma abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ranar da kuɗin ya ƙare, har tashoshinmu na Kamaru kamfanin yake rufewa, alhali maƙwabcina mai shayi yana kallon CRTV, tashar gwamnatin Kamaru, da 'yar eriyarsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Da na yi wa ƙanena da ke Amurka wannan ƙorafi sai ya yi dariya, ya ce su can a takardar biyan kuɗi ma layi daban ake ware wa tashoshin gari. Malam, yaya za a sayar mini da abin da aka watsa kyauta?
Daga wani mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam tela. Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayarka guda ce, amma amsarta a Garwa daban take da amsarta a garin da ƙanenka yake, saboda haka zan raba su.

Ka ɗauki misalin ruwan Binuwai. Duk wanda ya ɗauki tulunsa ya gangara bakin kogi ba wanda zai tambaye shi kuɗi, amma idan ɗan garuwa ya kawo maka shi har ƙofar shago, dole ka biya, kuma ba ruwan ka saya ba, ɗaukar ka biya. Maƙwabcinka mai shayi shi ne wanda ya gangara kogi: eriyarsa tana kama siginar da ke fitowa daga dogon ƙarfen watsa shirye-shirye da ke kusa da gari, ba kowa a tsakani. Kai kuwa hoton da kake gani ya yi doguwar tafiya kafin ya iso allonka. Sai an ɗauko shi daga ɗakin watsa shirye-shirye, an kai shi cibiyar da ke harba sigina sama, an matse shi ya ƙanƙance, an sa masa makulli, sannan a tura shi ga tauraron ɗan Adam da ke kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, shi kuma ya maido shi kan farantinka. Wato labaran da aka karanta a gidan talabijin na CRTV da ke unguwar Mballa II a Yawunde sun yi tafiyar sama da kilomita 70,000 kafin su shigo shagonka, alhali ta hanyar mota tsakaninku bai wuce kilomita dubu da 'yan kai ba.

A wannan tafiya, abin da ya fi tsada shi ne gurbi a cikin tauraron. Kowane tauraro yana ɗauke da ƙayyadaddun na'urori masu karɓar sigina su maido shi ƙasa, kowace na'ura kuma tashoshi ƙidayayyu take iya ɗauka, kuma idan hoton mai kaifi ne sosai adadin ya ƙara raguwa. Tauraron kansa ana ƙera shi ne ya yi aikin shekara goma sha biyar ko makamancin haka, a cikin wannan wa'adi masu shi za su fitar da kuɗin ƙira da na harbawa. Saboda haka hayar gurbi ake yi, kamar yadda kake hayar shago a kasuwa, kuma mai kasuwa ba ya rage maka haya don kayan da ka baza kyauta ka samo su.

Ga kuma wata matsala da ta keɓanta da tashar gida. Hasken tauraron da ke zuwa mana kamar farin wata yake, yana sauka a kan ƙasashe da dama lokaci guda, daga Senegal har Kwango. Tashar ƙwallo ko ta fim, gurbi ɗaya ta ci, amma miliyoyin mutane a ƙasashe kusan ashirin suna sonta. Tashar Kamaru ita ma gurbi ɗaya ta ci, sai dai masu nemanta galibi 'yan Kamaru ne, kuma kamfanin sai ya yi wa Chadi haka, ya yi wa Nijar, ya yi wa Gabon da sauransu, kowace ƙasa da nata jerin tashoshi. Idan aka raba kuɗin gurbi a kan masu kallo, tashar gida ta fi nauyi a kan kowane mutum guda.

Wannan matsalar ce ta fara haifar da layin da ƙanenka yake gani a takardarsa. An raba Amurka gida 210 ta fuskar kasuwar talabijin, kuma akwai manyan tashoshin gari sama da 1,700, kowace da labaran yankinta da tallace-tallacenta. Lokacin da kamfanin faranti na DirecTV ya fara aiki a 1994, takwaransa Dish kuma a 1996, ba sa kawo wa mutum tashar garinsa, sai dai ya haɗa da eriya. A 1999 ne majalisar dokokin ƙasar ta ba su izini, sannan daga farkon 2002 aka ɗora musu sharaɗi cewa idan kamfani ya ɗauki tasha ɗaya a wani yanki, to dole ya ɗauki sauran tashoshin yankin da suka nema. Ba yadda za a yi a watsa tashoshi sama da dubu ga ƙasa baki ɗaya, sai kamfanonin suka harba sababbin taurari masu ƙananan haskoki, waɗanda maimakon farin wata sun fi kama da tocila, kowace tana haska yanki guda, ta yadda za a maimaita zango ɗaya a garuruwa masu nisa da juna. Kuɗin wannan aiki ne aka fara ɗora wa masu kallo, dala biyar zuwa shida a wata a wancan lokaci, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba.

Amma yau ba kuɗin taurari ne ya kumbura takardar ƙanenka ba, kuma a nan misalin ɗan garuwa ya ƙare, domin a Amurka kogin ne da kansa yake karɓar kuɗi a hannun ɗan garuwa. Wata doka ta 1992, wadda majalisa ta tabbatar duk da shugaba Bush uba ya hau kujerar na-ƙi, ta ba kowace tashar gari zaɓi biyu duk bayan shekara uku: ko ta ce dole a ɗauke ta kuma ba za a biya ta ba, ko ta ce ba wanda zai sake watsa siginarta sai da yardarta. Ƙananan tashoshi sukan zaɓi na farko. Manya, waɗanda ke ɗauke da shirye-shiryen manyan gidajen talabijin na ƙasa, wato ABC da CBS da NBC da Fox, na biyu suke zaɓa, yardar kuma da kuɗi ake saye, ana lissafa shi a kan kowane mai abonema a kowane wata. Da farko kamfanonin kabul sun ƙi biyan tsabar kuɗi, aka riƙa sasantawa ta wasu hanyoyi, amma daga tsakiyar shekarun 2000 kuɗi ya shigo, abin da a lokacin bai kai dala biliyan ɗaya a shekara ba ya haura biliyan goma. Tashar garin ma ba ita take cinye shi duka ba, wani kaso mai tsoka yana komawa ga uwar tashar, irin su ABC ko Fox, wadda da shi take sayen haƙƙin nuna manyan wasanni.

Idan ciniki ya watse, allon masu kallo ne yake yin duhu. A 2023 DirecTV da kamfanin Nexstar, mai tashoshin gari da yawa, sun kasa daidaitawa, tashoshi sama da 150 suka ɓace daga farkon Yuli har tsakiyar Satumba. Ware kuɗin a layi daban kuwa dabara ce mai fuska biyu: kamfani ya daɗe yana tallata farashi mai sauƙi a babban rubutu, sannan yana nuna wa mai biya cewa ƙarin ba daga gare shi ba ne. A 2024 DirecTV ya ma ba mutane damar su ajiye tashoshin gari a rage musu dala 12 a wata. Ka shawarci ƙanenka ya tambayi kamfaninsa ko yana da irin wannan zaɓi, domin idan gidansa ba ya nesa da gari, eriya za ta kawo masa waɗannan tashoshi kyauta, daidai da mai shayinku.

A wajenmu ƙarfin ba a hannun tashoshi yake ba. Tun bayan da aka buɗe fagen watsa labarai ga 'yan kasuwa a shekara ta 2000, tashoshi irin su Canal 2 International da Equinoxe suka taso a Duwala, kuma tashar da ke Duwala ba ta da hanyar isa Garwa ko Marwa ko Kusiri mai sauƙi kamar tauraro, tunda kafa ƙarafunan watsa sigina a faɗin arewa ya fi ƙarfin aljihunta. Ita ce ke bukatar a ɗauke ta, domin mai talla yana tambayar inda ake ganinta kafin ya saki kuɗi. Shi ya sa ba ka ganin layi daban a nan: an zuba tashoshin gida a cikin mafi arahar kunshi, kuɗin ɗaukarsu ya narke a cikin abonemar. CRTV kuwa, ko mai shayi da yake ganin kyauta yake kallo, akwai masu biya masa, domin tun 1989 ake cire harajin rediyo da talabijin daga albashin ma'aikata a Kamaru.

Sai in zo kan abin da ya fi ci maka rai, wato rufewar ranar da kuɗi ya ƙare. A nan ba zan kare kamfani ba. Duk bayanin da na yi yana nuna dalilin da ya sa ɗauka take da kuɗi, amma bai nuna cewa rufewa dole ce ba. Siginar tana sauka a kan farantinka ko ka biya ko ba ka biya ba, kuma barin dikodarka ta buɗe tasha ɗaya ba ya ƙara wa kamfani ko sefa guda a kuɗin tauraro. Makullin yana cikin dikodar ko katinta, daga ofis ake aiko masa umarni ya buɗe wannan ya rufe wancan. Ana rufe tashar gida ne saboda an san ita ce take sa magidanci ya tashi ya je ya biya, domin mutum yana iya haƙura da fim na mako guda, amma ba ya son labaran ƙarfe takwas da rabi su wuce shi. Lissafin kasuwa ne, kuma abin da ke iya canza shi doka ce. Afirka ta Kudu, misali, ta kafa ƙa'ida a 2008 da ta tilasta wa kamfanonin abonema ɗaukar tashoshin gwamnati na SABC ba tare da sun biya ba, daga baya aka gyara ta a 2022 aka ce a riƙa ciniki. Ra'ayina shi ne tashar da talakawa suka riga suka biya da harajinsu ta cancanci a bar ta a buɗe a kowace dikoda.

Kafin a kai can, ka sayi eriya ka ɗaura ta kusa da farantin, ko ka nemi mai haɗa faranti ya sa maka dikoda marar abonema, irin wadda ake kama tashoshin Larabawa da ita, ya duba maka waɗanne tashoshin Kamaru suke sauka a buɗe a yanzu, domin zangonsu yana canzawa lokaci zuwa lokaci.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna kallon tashar ƙasa ta tauraro da dikoda marar abonema a nan Kusiri, amma sau da yawa da zarar babban wasan ƙwallo ya fara sai hoton ya ɗauke, masu eriya kuma suna ta ihu. Laifin farantin ne?
Daga wata mai karatu a Kusiri.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Farantinki lafiyarsa ƙalau, kada ki ba kowa kuɗin gyara. Haƙƙin nuna manyan wasanni ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Tashar ƙasa takan sayi izinin nunawa a cikin iyakokinta kawai, siginar tauraro kuwa ba ta san iyaka ba, tana sauka a ƙasashen da wasu suka biya kuɗi mai yawa domin wasan nan. Saboda haka yarjejeniya takan tilasta wa tashar ta kulle siginarta ta tauraro, ko ta sa wani shiri daban, daga busar farko zuwa ta ƙarshe, ta bar wasan a kan eriya. Siginar eriya ita ma takan tsallaka iyaka, amma tafiyarta gajera ce, shi ya sa ake kawar da kai. Ke da kike Kusiri kin fi kowa sanin haka, tunda kogi ne kawai tsakaninku da Njamena, kuma idan kika juya eriya wajen gadar Ngeli kina iya kama Télé Tchad, tashar ƙasar Chadi. Ranar wasa ki cire wayar dikoda ki sa ta eriya tun kafin 'yan wasa su fito fili.